Baitulmali, Kasuwa da Na'ura: Iyakar Abin da Mai Mulki Ke Iya Lissafawa, Bisa Misalin Kano

Gabatarwa

Akwai tambayoyi biyu da masu ilmi ke yawan gardama a kansu a wannan zamani, kowace a majalisarta dabam. Ta farko ita ce, wane matsayi ya kamata addini ya samu cikin sha'anin gwamnati? Ta biyu kuwa, ko na'urar nan mai lissafi da ake kira kwamfuta za ta iya riƙe tattalin arzikin ƙasa, watau ta faɗi abin da za a noma, da inda za a kai shi, da kuɗin da za a sayar da shi? Malaman addini da lauyoyi su ke tattauna ta farkon, masana tattalin arziki kuma su ke tattauna ta biyun, har ya zama kamar babu abin da ya haɗa su. Amma in an lura da kyau, tushensu ɗaya ne: mene ne mai mulki zai iya sani game da dukiyar talakawansa, kuma wa zai tsare shi in ya yi kuskure ko ya ci amana?

Unguwar Nassarawa ta Kano wuri ne da ya dace a tsaya a duba wannan mas'ala. A nan ne Turawa suka kafa mazaunin Razdan bayan sun ci Kano a 1903. A nan ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, gidansa kuma yana nan har yau. A nan ne kuma Gidan Gwamnatin Jihar Kano yake. Saboda haka fiye da shekara ɗari ke nan ana zaune a wannan unguwa ana ƙoƙarin ƙidaya gonaki da shanu da mutanen ƙasar Kano, ana kuma yanke shawara a kan yadda shari'ar Musulunci za ta zauna cikin mulki.

1. Abin da malaman jihadi suka ɗora wa mai mulki

Tun kafin jihadi an yi rubutu a Kano a kan haƙƙin sarauta. Shehu Magili ya sauka a birnin a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wanda kuma Tarihin Kano ya ce shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Ya rubuta wa Rumfa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, ciki har da karɓar dukiya ta hanyar halal da kashe ta inda ta dace. Bayan shekara ɗari uku, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya wallafa Kitabul Farƙi, inda ya jera kuɗaɗen da sarakunan Haɓe ke karɓa ba bisa shari'a ba, kamar jangali da kuɗin gari da abin da ake ɗiba a kasuwa. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a nan Kano wajen 1807, bisa roƙon jama'ar gari.

Wanda ya karanta waɗannan littattafai zai ga aikin mai mulki game da dukiya an yi masa iyaka a fili. Hanyoyin shigar baitulmali ƙidayayyu ne. Zakka tana da nisabi sananne: wusƙi 5 na hatsi, watau sa'i 300, shanu 30, tumaki ko awaki 40, raƙuma 5, zinariya dinari 20. Abin da za a fitar shi ma sananne ne: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka yi wa ban ruwa da wahala, ɗaya cikin arba'in ga zinariya da azurfa. Masu karɓa kuma kashi takwas ne, an ambace su a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Sarki ba shi da ikon ƙara ko rage ko ɗaya. Sa'i shi ke tarawa, ma'aji shi ke ajiyewa, alƙali shi ke raba gado bisa fara'ili, muhtasibi kuma yana zaga kasuwa yana duba mudu da sikeli, yana hana algus.

Duk waɗannan ayyuka ne na lissafi. Abin lura ne cewa malamin nan Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya ba da babban ɓangare na littafin ga mas'alolin gado da wasiyya, kuma daga sunansa ne Turawa suka samo kalmar da su ke kiran jerin umurnin da kwamfuta ke bi. Ashe ke nan ilmin na'ura da ilmin fara'ili sun sha nono ɗaya.

2. Abin da aka hana mai mulki

Akwai kuma abin da shari'a ta janye hannun mai mulki daga kansa, watau tas'iri, ko yanka wa kaya kuɗi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka musu farashi, ya ƙi. Ya mayar da al'amarin tsada da araha ga Allah, ya kuma bayyana fatansa na gamuwa da Ubangijinsa babu wanda ke binsa haƙƙi. Malamai suka fahimci cewa tilasta wa mutum ya sayar da kayansa bisa kuɗin da bai yarda ba yana iya zama zalunci.

Wannan ba ya nufin an sake kasuwa kara zube. An hana ɓoye abinci domin a jira tsada. An hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu tun ba su san kuɗin gari ba. An hana mutum ya taya kaya ba da nufin saye ba, sai domin ya ruɗi wani. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Sayyidina Umar da Haɗibu ɗan Abi Balta'a, wanda ya tarar yana sayar da zabibi ba bisa kuɗin kasuwa ba, ya umurce shi ya daidaita ko ya tashi. Dukan waɗannan hukunce-hukunce manufarsu ita ce mai saye da mai sayarwa su haɗu kowa ya san gaskiyar abin da ke nan.

Har ma inda wasu Malikawa suka yarda da tas'iri saboda larura, dubarar da suka bayar abin a tsaya a duba ce. Ibn Habib na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 853, ya ce shugaba ya tara manyan 'yan wannan kasuwa, ya kawo waɗansu dabam domin su gaskata maganarsu, ya tambaye su yadda su ke saye da yadda su ke sayarwa, sa'an nan a yi ta ja-in-ja har a tsaya a kan kuɗin da su da jama'a za su yarda. Watau dai malamin ya san ilmin farashi yana hannun 'yan kasuwa, mai mulki sai ya je ya tambaya. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ƙara da cewa shigar sarki cikin ciniki tana cutar da talakawa, tana kuma rage abin da ke shiga baitulmali.

3. Gardamar Turai a kan lissafi

Turawa sun iso ga wannan mas'ala ta wata hanya. A 1920 wani masani na ƙasar Austiriya, Ludwig von Mises, ya ce gwamnatin da ta mallake gonaki da masana'antu duka ba za ta iya sanin abin da ya fi riba a yi ba, gama ta kashe kasuwar da ke nuna darajar kowane abu. Oskar Lange, mutumin Folan, ya amsa masa a 1936 cewa hukuma tana iya yanka farashi, in kaya sun yi kwantai ta rage, in sun yanke ta ƙara, har a daidaita. Sai Friedrich Hayek ya zo a 1945 ya ce wahalar ba ta tsaya ga yawan lissafi ba. Ilmin da ake bukata a warwatse yake cikin kawunan dubban mutane, kowa ya san ɗan abin da ke gabansa a wurinsa da lokacinsa, yawancinsa kuma ba ya rubutuwa. Farashi shi ne ɗan saƙon da ke tara wannan ilmi ya isar da shi.

Da kwamfuta ta bayyana, sai masu ra'ayin tsari suka ga kamar an kawo musu abin da su ke jira. Lange kansa, cikin wata maƙala da aka buga a 1967 bayan rasuwarsa, ya ce na'ura za ta warware lissafin nan da nan, kasuwa kuwa tsohuwar na'ura ce ta zamanin da. An kuwa gwada. A Rasha, Leonid Kantorovich ya fito da hanyar lissafin rabon kayan aiki tun 1939, Viktor Glushkov kuma ya kawo shirin haɗa masana'antun ƙasar da kwamfutoci a 1962, amma ma'aikatun gwamnati suka yi ta jan ƙafa, a 1970 aka hana shirin cikakken kuɗinsa. Ƙarin wahala ita ce shugabannin masana'antu sun saba ɓoye ƙarfinsu, don kada a ɗora musu aikin da ya fi na bara. A ƙasar Cile ta Amurka ta Kudu, gwamnatin Salvador Allende ta ɗauko wani Bature ɗan Ingila, Stafford Beer, a 1971, aka haɗa masana'antu da babban birni ta wayar telegiram mai bugawa. Shirin ya yi amfani a yajin aikin masu manyan motoci na Oktoba 1972, inda ya taimaka wajen sanin inda mota take da inda ake bukatarta. Amma juyin mulkin 11 ga Satumba 1973 ya kashe shi tun ba a ga iyakarsa ba.

4. Abin da ya faru a ƙasar Kano

Ba sai an je Rasha ba. Misali mafi kyau ya faru ne a ƙofar Nassarawa. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, auduga su ke hange. Ƙungiyar noman auduga da aka kafa a Ingila a 1902 ta ɗauka ƙasar Hausa za ta ciyar da masaƙun Lankasha. Lissafinsu kuwa ba na banza ba ne, gama ƙasar tana noman auduga tun kaka da kakanni. Abin da ba su sani ba shi ne masaƙan gida da marina suna sayen auduga da kuɗin da ya fi na Bature, gyaɗa kuma tana son jigawar Kano, ba ta cin wahala kamar auduga, in yunwa ta zo kuma ana iya cinta. Manoma sun san wannan duka. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka ƙware a fataucin goro, suka watsa yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 19,000, alhali a shekarar da ta gabata ba ta kai 3,000 ba. Babu ofishin da ya tsara wannan. Da a ce akwai kwamfuta a ofishin Razdan a lokacin, auduga za ta ce a noma, gama labarin auduga aka ba ta.

A wannan zamani ne kuma aka kafa baitulmalin En'e, aka narkar da zakka da kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗe cikin haraji guda. A gundumomin da ke kewaye da birni aka shigo da awon gona da taki, aka koya wa malamai awo da rubuta lissafi, aka aika su karkara. A takarda wannan ya fi tsohon tsari daidaito. Amma akwai bambanci mai nauyi. Zakkar hatsi tana hawa tana sauka tare da amfanin gona, wanda bai kai nisabi ba babu kome a kansa. Haraji bisa faɗin gona kuwa bai san damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma da kuɗi ake biyansa. Manomin da ya shiga yunwar 1913 zuwa 1914 ya ɗanɗana wannan bambanci. Awo ya ƙaru, sanin halin mai gona ya ragu.

Daga baya gwamnati ta shiga tas'iri da kanta. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanka kuɗin tan a farkon kaka, yawancin shekaru kuma a ƙasa da kuɗin kasuwar duniya. Rarar ta yi ayyuka na gaske, amma daga aljihun manomi ta fito. In kuɗin Nijar ya fi, gyaɗa ta bi dare ta ƙetare iyaka. Da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo, manomi ba shi da abin da zai riƙe shi a kan wannan noma, dalar gyaɗa ta ɓace, a 1986 kuma aka rushe hukumomin. Wolfgang Stolper, wanda ya taimaka wajen tsara shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968, ya rubuta littafi a 1966 wanda sunansa ke nufin yin tsari ba tare da sanin haƙiƙanin abubuwa ba.

Wannan ciwo bai warke da zuwan na'ura ba. An soke ƙidayar 1962 da ta 1973 saboda gardama. A 2014, da aka sake auna arzikin Nijeriya, sai aka tarar ya kai wajen dala biliyan 510, alhali da ana cewa wajen 270 ne. A Oktoba 2022 Babban Banki ya ba da sanarwar canjin takardun naira, bisa hujjar cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin suna wajen bankuna. Alƙaluman daidai ne, bankin kuma yana da na'urori da lambar kowane mai ajiya. Abin da alƙaluman ba su nuna ba shi ne yadda mai kai hatsi Dawanau da mai sayar da akuya a kasuwar ƙauye ke rayuwa da tsabar kuɗi. Ciniki ya tsaya, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu.

5. Shari'a cikin gwamnatin yau

Jihar Zamfara ta buɗe hanya a 1999, Kano ta ƙaddamar da shari'a a watan Yuni 2000, har jihohin da suka yi haka suka kai 12. A 2003 aka yi dokokin da suka kafa Hukumar Shari'a, da Hukumar Hisba, da Hukumar Zakka da Hubusi a Kano. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama addinin gwamnati. Masu suka suna kafa hujja da shi, masu goyon baya kuma suna cewa tsarin mulkin da kansa ya ambaci kotunan shari'a, ya kuma ba kowa 'yancin bin addininsa. Ga kuma mutanen Sabon Gari da sauran waɗanda ba Musulmi ba, masu haƙƙi a kan gwamnatin da su ma su ke biya wa haraji.

Ta fuskar dukiya, abin da ya bayyana shi ne gwamnatin yau ba a kan baitulmalin Liya'ul Hukkami take tafiya ba. Babban abin shigarta kason da ke zuwa daga asusun tarayya ne, wanda ya haɗa da kuɗin man fetur da harajin kayan saye. Shi ya sa da Hisba ta farfasa kwalaben giya wajen 240,000 a Nuwamba 2013, aka tayar da tambaya a kan kason harajin da ake tarawa daga giya a wasu jihohi. Zakka kuwa, yawancin attajirai sun ci gaba da fitar da ita da hannunsu, ga waɗanda suka sani. Mutum ba ya miƙa ibadarsa ga ofishi sai ya amince da wanda ke zaune a ofishin.

A nan ne aikin na'ura na gaskiya yake. Tana iya lissafa nisabi bisa kuɗin zinariya na ranar, ta raba gado mai sarƙaƙiya ba kuskure, ta riƙe rajistar gidaje da filayen hubusi don kada su salwanta, ta nuna kowane kwabo da ya shiga da inda ya fita, yadda mai bayarwa zai bi sawun abin da ya bayar. Gwamnatin tarayya ta yi irin wannan da tsarin biyan albashi ta na'ura da ta fara a 2007, da asusun bai ɗaya na 2015, aka kuwa gano ma'aikatan bogi da yawa. Amma wane ne miskini a wata unguwa, wanda kunya ta hana shi roƙo, wannan sai liman da mai unguwa da maƙwabta. In kuma mai shigar da sunaye ya sa na 'yan'uwansa, na'ura za ta biya su daidai, ba ragi ba ƙari.

Kammalawa

Abin da tarihin Kano ya nuna shi ne aikin mai mulki game da dukiya iri biyu ne. Akwai wanda ƙa'idarsa take a tsaye, kamar zakka da gado da mudu da ajiyar baitulmali. A nan kwamfuta ta fi kowane magatakarda sauri da rashin mantuwa. Akwai kuma wanda ya rataya ga ilmin da ke warwatse a gona da rumfa da zango, kamar abin da za a shuka da kuɗin da za a sayar. A nan malaman fiƙihu sun riga sun ja wa sarki kunne, Turawan auduga da hukumar gyaɗa kuma sun gwada sun gani. Na'urorin zamanin nan sun ninka na Glushkov ƙarfi ba adadi, manyan kamfanoni kuma suna tsara kayansu da su, amma su ma daga kasuwa su ke ɗaukar farashi.

Haɗarin da ke cikin tambayoyin biyu kuwa iri ɗaya ne. Mai mulkin da ya ce hukuncinsa na Allah ne, da wanda ya ce hukuncinsa na na'ura ne, kowannensu yana iya amfani da wannan magana ya rufe bakin mai ƙara. Malaman jihadi ba su yarda da haka ba, shi ya sa suka wajabta wa sarki shawara, da sauraron ƙarar wanda aka zalunta, da binciken dukiyar ma'aikatansa. Malaman makarantun horon malamai, waɗanda ɗalibansu za su zama ma'aikatan gobe, za su yi amfani in sun koyar da fara'ili da lissafin na'ura tare, su kuma nuna wa ɗalibi inda kowannensu ya tsaya. Allah shi ne Masani.